Gambar da Inusa Ya Dasa

Kowace kaka, kafin Baba Gado ya zuba ko zangarniya ɗaya a rumbunsa, sai ya ɗaure damen hatsi na fari, a ɗora masa a amalanke, ya baro Tsibiri ya sauke shi a ƙofar gidan Idirisa mai gyaran injin ban ruwa, a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Shekara ashirin yana haka bai fasa ba. A cikin ashirin ɗin nan, goma sha huɗu Idirisa yana cin gonar Gado.

Gado ɗan gidan masu tsafi ne. Ubansa shi ke yanka wa iskokin gida jan zakara kafin a taɓa sabon hatsi. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin mishan, ya yi shekara huɗu can. Ya dawo ciwon ya mutu, yatsu bakwai sun tafi, kuma ya zama Kirista. Baffanninsa suka ce wanda ba zai ci naman yankan gida ba, ba shi da rabo a gandun gida. Ya kwana uku a gindin tsamiyar kasuwa, sai Malam Inusa, abokin wasansa tun suna kiwon awaki, ya zo ya ɗauki tabarmarsa ba tare da ya tambaye shi ba. Washegari ya kai shi gona, ya yanka masa gefen yamma, ya haƙo gamba gindi goma sha biyu ya dasa a jere tsakaninsu.

"Daga gambar nan zuwa hanya naka ne," in ji Inusa. "Ba aro ba."

Inusa shi ne mahaifin Idirisa. Mutane sun yi ta magana, malami guda yana cin tuwo kwano ɗaya da kuturu, kuturun ma Kirista. Idirisa yana ɗan shekara tara ya taɓa janye hannunsa daga kwanon da Gado ya sa dungulminsa, ya ce ya ƙoshi. Ubansa, wanda bai taɓa dukansa ba ko a kan karatu, ya wanke shi da mari a gaban baƙon. Gado ne ya riƙe hannun Inusa, yana cewa a bar yaro, ƙyanƙyami ba zunubi ba ne. Idirisa ya yafe wa ubansa marin tun da daɗewa. Ceton ne bai yafe ba.

Da Inusa ya kwanta ciwon ajali, Idirisa yana shekara goma sha bakwai yana koyon gyaran inji a Sabon Garin Maraɗi, uban ya kira Gado ya ce masa kalma uku: "Ga Idi nan." Gado ya noma gonakin biyu damina uku, da hauya ɗaure a hannu da tsumma, ya kai wa matar mamacin hatsinta cif. Da Idirisa ya karɓi gonarsa, sai Gado ya koma kawo dame guda kowace shekara. Da haƙori da dungulmi yake jan igiyar, don haka ƙullinsa daban yake, a karkace, kuma ba mai iya kwance shi sai da wuƙa.

Farkon abin ba da niyya ba ne, Idirisa ya sha gaya wa kansa haka, kuma gaskiya ne. Shanu suka tumɓuke gindin gamba ɗaya, ya mayar da shi, sai daga baya ya lura ya dasa shi layin shuka ɗaya cikin gonar Gado. Ya jira a yi magana, ba a yi ba. A lokacin matar Gado ta rasu, ɗiyarsa Jummai ta yi aure a Jiratawa, idonsa kuma ya fara yin hazo. Mutanen majami'arsu ne ke zuwa gayya su shuka masa, su kuwa inda suka ga gamba nan suke tsayawa. Kafin daminar ta fita, Idirisa ya ce ai layi bai kyautu a karkace ba, ya daidaita sauran goma sha ɗayan da wanda ya kauce. Shekara ta biyu ba shi da wani dalili, sai ya yi ba dalili.

Ranar Lahadi da hantsi yake yi, bayan ruwan shuka, lokacin da Gado yake majami'a. Daga gonar ana jin gangarsu da waƙa. Ya jingine babur a gindin gawo, ya haƙo gamba ya gusa ta layi ɗaya, ya tattake ƙasa, kafin su tashi ya kama hanyar Maraɗi. Bai taɓa gusawa biyu ba. Wannan ma yana lissafa wa kansa shi cikin kirki.

Ba yunwa ke sa shi ba. Shagonsa na Sabon Gari ba ya rabo da injunan masu lambu, hatsin layi goma sha huɗu bai kai abin da yake samu a wata ba. In ya kwanta yana cewa gonar ubansa ce, kyauta ce aka yi ba shawara da magada. Amma akwai abin da ba ya faɗa ko a zuci sai ya kauce masa: duk layin da ya ci, sai ya ji kamar ya rage nauyin mutumin nan a wuyansa. Sai kaka ta yi, amalanke ya tsaya a ƙofa, nauyin ya dawo har da ƙari.

"Salamu alaikum masu birni," Gado zai ce, yana laluben ƙasa da sanda. "Ina ɗan Inusa? Ko ya yi ƙiba ƙofar ta hana shi fitowa?"

"Baba, ai na ce ka daina wahalar nan. Hatsi gare mu."

"Wa ya ce ba ku da shi? Hidaya, zo ki karɓa, mijinki ya fara wa'azi."

Hidaya, matar Idirisa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo fura. Shi kuwa ya riƙe kwanon tsakanin dungulmi biyu ya sha, ya ce, "Ku dai ku sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ga kaina nan duk furfura." Kowa ya yi dariya, Idirisa ma ya yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowace kalmar tsohon sai ya juya ta ya duba bayanta. Wata shekara ya yanke cewa damen nan gori ne. Wata shekara ya ce dabara ce ta Kiristoci, su ɗaure mutum da alheri. Wata shekara ya ce galla ce, tsohon ya san gonar ba tasa ba ce yake biyan haya, wannan fassarar ta fi yi masa daɗi, ta kai shi har wata biyu. Tuwon damen dai bai taɓa ci ba. Duk ranar da Hidaya ta daka shi, sai ya ce ya ci shinkafa a shago.

Cikin bazarar da ta biyo bayan shekara ta goma sha huɗu aka kira shi Jiratawa, injin wani lambu ya ƙi tashi. Da ya isa sai ya tarar lambun mijin Jummai ne. Tana tsaye cikin tattasai da zane ɗaure a ƙugu, tana kallon ganyen da ya fara laushi.

"Yaya Idi, in ba ka tashe shi yau ba, tattasan nan sai dai a yi masa addu'a."

"Ku da kuke da addu'a iri-iri."

"Taku muke so yau, mai sifana."

Ya kwance injin, ya busa, ya wanke da fetur. Yana durƙushe ta ce, "Mun je meri, ofishin magajin gari, mun nemi a yi wa Baba takardar gona. Masu awo za su zo ranar Alhamis ta sama. Sun ce sai maƙwabcin iyaka yana wurin."

Sifanar ta zame ta daki yatsansa. "Takardar mi? Wani ya ce zai ƙwace masa?"

"Ba wanda ya ce. Amma Baba ya tsufa, kuma in an kafa siminti an huta." Ta tsinke wani busasshen ganye. "Ni dai ina yarinya, daga gawon nan zuwa gamba sai na gaji da gudu. Yanzu taku kaɗan ne. Ko ƙafata ce ta yi tsawo."

"Ƙafarki ce," in ji Idirisa, ya ja igiya, injin ya tashi, ƙararsa ta rufe sauran zancen.

Kwana takwas ya yi yana shiri. Ya ce zai tafi ya maido da gambar kafin Alhamis, sai ya tuna ba a yi ruwa ba, sabon haƙa a busasshiyar ƙasa ko makaho ya gan shi. Ya ce zai sami tsohon shi kaɗai ya faɗa masa, har ya hau babur ya kai bakin gulbi, ya juyo. A masallaci ya ji liman yana maganar wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, yadda za a rataya masa ita a wuya ranar tsayuwa. Ya fito ya rasa inda ya ajiye takalminsa, alhali suna hannunsa.

Ranar Alhamis da safe aka taru a gona: mai awo da na'urarsa, wakilin mai gari, dattawa uku masu gonakin kusa, Jummai riƙe da sandar ubanta. Wakilin ya ce ai abin ba wuya, gamba ita ce shaida, kowa ya san Malam Inusa ya dasa ta. Jummai ta buɗe baki, Gado ya matsa hannunta ta yi shiru.

"Tsoho, kai mi ka ce?" in ji mai awo. "Nan ne iyakarka?"

"Ni ban gani, ɗana. Ku tambayi ɗan mai gonar. Idi, je ka tsaya inda ubanka ya dasa. Inda ka tsaya, nan za a kafa."

Da tsohon ya tsine masa, da ya san yadda zai yi, yana da amsa tun shekara goma sha huɗu. Wannan kuwa bai shirya mata ba. Ya tsallake gambar ya shiga gefensa, yana taka tsofaffin kututturan karan bara. Ɗaya, biyu, uku. Ya ji dattawan sun daina hira. Shida, bakwai. A na tara ƙafarsa ta tsaya.

Daga baya ya yi ta bincikar abin da ya tsayar da shi, bai sami amsa mai kyau ba. Daga layi na goma ƙasar take kwari, nan wake da yakuwa suka fi yi, wannan ɗaya. Na biyu ya fi muni: tara ana iya ɗora wa shanu da iska da mantuwa, goma sha huɗu kuwa sunansa sata, kuma kowa a wurin ya iya ƙidaya shekarun da idon Gado ya yi a rufe.

"Nan ne," ya ce. "Gambar ta yi ta gusawa, shanu suna tumɓukewa ana mayarwa ba daidai ba."

Dattawa suka ɗauki salati. Wakilin mai gari ya kama hannunsa ya ce wannan shi ne ɗan halak, a zamanin da wa da ƙane ke zuwa gaban alƙali kan taku ɗaya, ga wanda ya ba da tara da bakinsa. Aka kafa siminti, aka sa hannu, Gado ya dangwala dungulminsa a tawada, mai awo ya rasa yadda zai yi da shi suka yi ta dariya. Tsohon ya juyo da fuska wajen muryar Idirisa ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan Inusa." Ba ƙari, ba ragi.

Labarin ya riga shi isa Maraɗi. A Sabon Gari maƙwabtan shago suka sa masa suna Mai Gaskiya. Hidaya ta yi masa dambun zogale don murna. Sunan nan ya fi masa damen ciwo, don dame sau ɗaya yake zuwa a shekara, sunan kuwa kullum sai an kira.

Kakar ta zo, damen ya zo, da barkwancin aski kamar kullum. Idirisa ya raka amalanken har bakin titi, yana son ya faɗa masa, sai ya ce a ransa sai baɗi, in ya sami tsohon ba mutane. Baɗi kuwa, hatsi ya fara fitar da kai, Gado ya kwanta kwana biyar ya rasu. Idirisa ya je, ya tsaya daga bayan masu waƙa a maƙabartarsu, ya taya haƙa, ya yi gaisuwa, ya dawo. A hanya ya kama kansa da wani abu mai kama da sauƙi: shaida ya tafi, dame ya ƙare. Ya tsayar da babur ya yi istigfari, sauƙin bai tafi ba.

Bayan girbi, wata Asabar da la'asar, yana wanke hannu da omo a tsakar gida ya ji sallamar mace. Jummai ce, amalanke a bayanta, dame a kai. Ƙullin a miƙe yake, na mai yatsu goma.

"Mi ke nan kuma, Jummai?"

"Saƙon Baba. Ya ce in dai gonar na hannuna, na fari naka ne."

Ta zauna a tabarma, Hidaya ta shiga kawo ruwa. Idirisa ya tsuguna nesa kaɗan, yana kallon kumfa na bushewa a hannunsa.

"Akwai abin da ban faɗa ba ranar awo," ya ce.

"Biyar," in ji ta.

Bai ɗago ba.

"Daga gawo zuwa gambar Malam taku arba'in ne. Baba kullum sai ya ƙidaya in zai je inuwa. Tun shekara ta biyu ya sani. Ranar awo muna komawa gida ya ce mini, Idi ya maido tara, saura biyar, kada ki tambaye shi."

"Don mi bai yi magana ba? Shekara goma sha huɗu."

"Na tambaye shi, har na yi masa rashin kunya. Na ce Baba, wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne, don kana ganin kyauta aka yi maka. Ya ce wataƙila da tsoron a ciki, shi ba mala'ika ba ne. Amma ya ce in ya kai ƙara, gona za ta dawo, kai kuwa ba za ka ƙara iya kallonsa ba, kuma ba gona aka ba shi amana ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Akwai wani malami da ya taɓa zuwa majami'armu ina ƙarama, ya koya mana wata kalma ta Ibrananci, hesed. Ya ce da ita ake faɗin irin son da Allah ke yi wa mutanensa, kuma ya rasa kalma ɗaya ta Hausa da za ta ɗauke ta. Ya ce ƙauna ce, amma wadda ta ɗaure kanta da alkawari, ko ɗaya gefen ya kwance ita ba ta kwancewa, kuma ba zama take ba, aiki take yi. Yana ta kewaye-kewaye, sai Baba ya ɗaga dungulminsa ya ce, Malam, daina wahala, na san shi, sunansa Inusa. Mutane suka yi dariya, wasu ma suka ji haushi, an kawo Musulmi cikin wa'azi. Shi ko a jikinsa."

Hidaya ta ajiye ruwa, ta dubi mijinta, ta dubi baƙuwar, ta koma ciki.

"Ni ban kai Baba ba, Yaya Idi," in ji Jummai tana miƙewa. "Ni har yanzu ina jin haushinka. Dame dai na kawo."

Ranar da Hidaya ta tuƙa tuwon damen, ya zauna ya ci. Ba shi da wani ɗanɗano daban, tuwon hatsi ne, wannan ma ya ba shi mamaki.

Ruwan shuka ya sauka daren wata Asabar. Da hantsin Lahadi Idirisa yana gona da magirbi, babur a gindin gawo, ganga na tashi daga majami'a. Ya sa ƙarfe a gindin gamba ta farko, sai ya tsaya. Ya dubi hagu da dama kamar yadda ya saba, ba kowa, sai ya gane abin da yake yi: ramuwar ma a ɓoye ya zo yin ta, ranar da ya saba sata, don kada wani ya haɗa tara da biyar, don Mai Gaskiya ya kwana lafiya. Ya zare magirbin, ya koma Maraɗi.

Ya dawo Litinin, gonaki cike da masu shuka, Jummai da mijinta suna gefen yamma da sungumi da ƙwaryar iri. Ya haƙo gindi na fari, ya ɗauke shi a ka, ya wuce simintin, ya ƙidaya layi biyar a bayyane ya dasa. Ɗaya daga cikin dattawan ranar awo ya dogara da sandar sungumi daga gonarsa.

"Mai Gaskiya, mi kake yi kuma?"

"Gamba nake maidawa inda Baba ya dasa ta."

"Ba ka maida ba wancan karon?"

"Tara na maida. Goma sha huɗu na ci, kowace shekara ɗaya, ranar Lahadi. Ba shanu ba ne."

Dattijon ya tofar da yawu gefe ya koma shukarsa. Idirisa ya san kafin azahar maganar ta kai kasuwa, kafin jibi ta kai Sabon Gari. Ya koma ya ɗauko gindi na biyu.

Yana kan na bakwai Jummai ta iso da ƙwaryarta, ta tsaya a sabuwar ƙasar tana dubanta.

"Sai mun koma meri a sake takarda," ta ce.

"Ni zan je in faɗa musu." Ya tattake ƙasa a gindin gambar. "Jummai, bana kada ki kawo damen nan."

Ta zuba iri a rami, ta rufe da diddige, ta matsa gaba.

"Ba kai aka yi wa alkawarin ba, balle ka hana."